Neman Gurbin Karatu a Jami'ar Ƙasar Waje: Abin da Ya Kamata Malami Ya Sani

1.0 Gabatarwa

A garuruwa irin su Malikanchi da Paki da Hunkuyi da sauran ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan, idan yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, kuma ya ji labarin ana ɗaukar ɗalibai a wata jami'a ta ƙasar waje, mutumin da yakan fara tunkara shi ne malaminsa. Ba wai don malamin ya taɓa fita waje ba, sai don shi ne mai ilmin boko da ya fi kusa da shi, kuma shi ne wanda iyayen yaron za su yarda da maganarsa. Saboda haka wajibi ne ɗalibin da ke koyon aikin malanta ya san yadda wannan al'amari yake gudana, ko da shi kansa ba shi da niyyar ƙetare iyaka.

Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne, jami'ar waje ba ta ganin ɗalibi, takardunsa kawai take gani. Ba ta san gidansu ba, ba ta san ladabinsa ba, ba ta ji yabon da ake yi masa a gari ba. Da takardun nan za ta ɗauke shi, da su kuma za ta ƙi shi. Idan aka lura kuwa, mafi yawan takardun daga hannun malamai suke fitowa, wasu ma tun ranar da aka rubuta sunan yaron a rajistar aji ɗaya na firamare.

2.0 Waiwaye

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa malamai sukan bi ayarin alhazai su tsaya a Masar da Hijaz su yi karatu. Sanannen misali shi ne Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741. Haka nan Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi karatu a wajen malaman Gabas a lokacin tafiyarsa aikin hajji. A wancan zamani takardar da ɗalibi yake riƙewa ita ce ijaza, wato shaidar da malami yake bayarwa cewa wane ya karanta littafi kaza a wurinsa, shi ma ya karanta a wurin wane, har a kai ga mawallafin. Darajar ijaza tana ga darajar wanda ya ba da ita. Yana da kyau a riƙe wannan batu, domin za mu sake cin karo da shi idan muka zo kan wasiƙar shaida.

A zamanin mulkin mallaka kuwa, gwamnati ko mishan ne suke zaɓen wanda zai tafi. Dokta Barau Dikko na Wusasa ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham. A shekarar 1945 aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu malaman makaranta zuwa Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946. Malam Abubakar Gumi kuma ya yi karatu a Bakhtar Ruda ta ƙasar Sudan daga 1954 zuwa 1955. Abin lura a nan shi ne yawancin waɗanda suka fara fita malaman makaranta ne. A fannin Hausa ma haka abin yake: Farfesa M.K.M. Galadanci ya sami digirinsa na uku a Landan a 1969, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir a Indiyana ta Amurka a 1975, Farfesa Dauda Bagari kuma a Los Anjalis a 1976.

Bambancin da ke tsakanin jiya da yau shi ne, a da hukuma ce take nemo ɗalibi ta cika masa takardu. Yau ɗalibi ne yake nema da kansa ta intanet, yana takara da dubban 'yan'uwansa daga Indiya da Sin da Masar da Kenya.

3.0 Kowace Ƙasa da Ƙofarta

Ɗalibinmu ya saba da hanya ɗaya tilo: ya sami kiredit biyar, ya zauna jarrabawar JAMB, ya ci makin da ake bukata, sannan ya jira sunansa ya fito. Kuskuren farko da ake yi shi ne zaton ko'ina haka ake yi.

A Birtaniya ana neman digirin farko ta wata hukuma guda mai suna UCAS. Ɗalibi yana da damar zaɓen kwas biyar, kuma yawancinsu ana rufe karɓar takardunsu a watan Janairu. Amma mai neman Oxford ko Kambirij, ko mai son likitanci, tilas ya kammala kafin 15 ga Oktoba, kusan shekara guda ke nan kafin a fara karatun. Tsarin nasu ya ginu a kan fanni: ana neman gurbi ne a kwas takamaimai, kuma a kan wannan kwas ɗin za a auna mai nema. Yawancin jami'o'in ƙasar ba su ɗaukar mai takardar WAEC ko NECO kai tsaye zuwa shekarar farko, sai ya yi shekara ɗaya ta share fage.

Wannan sharaɗi yakan ɓata wa mutane rai, har wasu su ɗauka raini ne ga ilminmu. Ba haka ba ne. Yaron Ingila yana yin shekara goma sha uku a makaranta kafin jami'a, biyun ƙarshe kuma yana zurfafawa ne a darussa uku ko huɗu kacal, shi ya sa digirinsu yake shekara uku. Namu yaron shekara goma sha biyu yake yi, shida a firamare, shida a sakandare. Ɗalibin Amurka ma shekara goma sha biyun yake yi, don haka idan ya nemi shiga manyan jami'o'in Ingila ko na Jamus, takardar gama sakandarensa ita kaɗai ba ta isar masa. Sai ya haɗa da sakamakon wasu jarrabawoyi na musamman da ake kira AP, waɗanda suke nuna ya zurfafa a darussan da suka shafi kwas ɗin. Ashe ke nan yaron Shikago da yaron Malikanchi tambaya ɗaya ake yi musu a bakin ƙofar: me takardarka take daidai da shi a ma'auninmu?

A Amurka kuwa ba gwamnati ce take rarraba ɗalibai ba, kowace jami'a ita take yanke hukuncinta. Jami'o'i da yawa suna karɓar fom guda da ake kira Common App, wanda ake iya aika shi zuwa jami'o'i har ashirin. Su ba sakamako kaɗai suke dubawa ba. Suna duba makin ɗalibi na shekarun sakandare, da abin da ya yi a wajen aji, da rubutun da ya yi game da kansa, da abin da malamansa suka faɗa a kansa, wasu kuma suna neman jarrabawar SAT. Ana rufe zagayen farko a farkon Nuwamba, na biyu kuma a wajajen farkon Janairu. A zangon karatu na 2023 zuwa 2024 'yan Nijeriya fiye da 20,000 ne suke karatu a can.

Ga yawancin iyaye a yankinmu, Gabas ta fi kusa da zuciya. Jami'ar Azhar ta Masar da Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, sun daɗe suna ɗaukar 'ya'yanmu, kuma a nan ƙarfin Larabci da wasiƙar tazkiyya daga sanannen malami ko ƙungiya suna da muhimmanci. Akwai kuma Turkiyya da Malesiya da Indiya, sannan ga maƙwabciyarmu Nijar, inda ake da Jami'ar Musulunci a garin Say. Ba a bukatar malami ya haddace ƙa'idar kowace ƙasa. Abin da ake bukata shi ne ya koya wa ɗalibi karanta sharuɗɗan daga shafin jami'ar kanta, ya kuma fara shiri aƙalla shekara guda kafin lokacin tafiya.

4.0 Suna da Ranar Haihuwa

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan ne ɗalibanmu suka fi faɗuwa, kuma a nan ne hannun malami ya fi tasiri.

Fom ɗin Turawa an gina shi a kan al'adarsu ta suna, inda kowane mutum yake da sunansa na kansa da kuma sunan zuriya wanda ba ya canzawa daga kaka zuwa jika. Bahaushe ba shi da sunan zuriya irin wannan. Yana da sunan yanka, da sunan mahaifi, da laƙabi, da sunan rana, wani lokaci kuma da sunan gari ko na unguwa, wanda makarantun boko suka yawaita liƙa wa yara tun zamanin Turawa don bambance masu suna iri ɗaya. Shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Yahaya Gusau. A wurinmu duk wanda ya ji Garba ya san Abubakar ne, Ɗanjuma an haife shi ran Juma'a, Shehu kuma Usman ne. Ma'aikacin jami'a a Glasgo ko Ankara bai san wannan ba, kwamfutarsa ma ba ta sani ba.

A ɗauka an sa yaro a firamare aka rubuta sunan mahaifinsa Garba. Da ya zo rajistar WAEC sai aka rubuta Abubakar, don an ga ya fi dacewa da takarda. Da ya je yin katin ɗan ƙasa sai ya ƙara da Malikanchi a ƙarshe. Shi a ganinsa bai canza komai ba, amma a takarda ya zama mutum uku. Ƙari a kan haka ga matsalar rubutu. Sunan Muhammadu kaɗai ana rubuta shi ta hanyoyi da dama: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Mohd, Mamman. Haka nan A'isha da Aishatu da Aisha, ko Usman da Usmanu da Othman. Ga masanin harshe waɗannan duk sura ce daban-daban ta kalma ɗaya da aka aro daga Larabci, kowace da tarihin hanyar da ta biyo. Ga mai tantance takardu kuwa harafi ɗaya ya isa ya sa a ajiye fayil gefe.

Ranar haihuwa ita ma haka. Yara da yawa a karkara ba a yi musu rajista a Hukumar Ƙidaya ba lokacin da aka haife su, sai daga baya a je kotu a yi takardar rantsuwa. Sau da yawa akan rage shekara ɗaya ko biyu a wani wuri, a manta da abin da aka rubuta a wani. A yanzu Hukumar Shige da Fice ba ta ba da fasfo sai bayanin mai nema ya dace da abin da ke cikin lambarsa ta katin ɗan ƙasa, jami'a kuma ba ta ba da takardar gayyata sai sunan ya dace da na fasfo. Gyaran kowace takarda yana cin kuɗi da watanni, lokacin rufe karɓar fom kuwa ba ya jiran kowa. Akwai ma wani ƙaramin tarko: mu muna fara rubuta rana sannan wata, Amurkawa kuwa wata suke fara rubutawa. Wanda aka haifa ran 3 ga Yuli, idan bai lura ba, sai ya mayar da kansa haifaffen 7 ga Maris.

Maganin wannan duka yana hannun malamin da yake riƙe da rajista. Ya zauna da uban yaro tun ranar farko, a tsayar da suna ɗaya da rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, a shawarci uban ya karɓo takardar haihuwa. Idan lokacin rajistar jarrabawar fita ya zo, a sa kowane ɗalibi ya duba sunansa harafi bayan harafi kafin a aika. Aikin minti biyar ne, amma yakan hana asarar shekara.

5.0 Sakamako da Shaidar Harshe

Mai neman digirin farko zai gabatar da takardar WAEC ko NECO, kuma jami'o'i da yawa sukan nemi lambar katin duba sakamako don su tabbatar da kansu. Mai neman digiri na biyu zai bukaci takardar digirinsa da takardar cikakken sakamako, wadda take nuna kowane kwas da makin da aka samu. Wannan ta biyun jami'ar da ya gama ce take aikawa, kuma fitar da ita yakan ɗauki lokaci, saboda haka ita ake fara nema. Ma'aunin maki ma ya bambanta. Yawancin jami'o'inmu a kan biyar suke aunawa, na Amurka a kan huɗu. Kada ɗalibi ya juya makin da kansa. Akwai hukumomi masu wannan aiki, irin su WES, idan jami'ar ta bukata.

Ya kamata mai takardar NCE ya san matsayinsa sarai. Takardar ba digiri ba ce, don haka ba a shiga digiri na biyu da ita. Hanyar da ta fi sauƙi da araha ita ce ya kammala digirin farko a gida, a Zariya ko Kano ko Kaduna, ya dage ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, sannan ya nemi waje. Mafi yawan tallafin da ake bayarwa ma na digiri na biyu ne da na uku.

Game da harshe, ko da yake Ingilishi ne harshen hukuma a Nijeriya, jami'o'i da yawa suna neman shaidar ƙwarewa, wato jarrabawar IELTS ko TOEFL. Ta farkon ana auna ta a kan maki tara, yawanci ana neman shida ko shida da rabi, kuma sakamakonta shekara biyu yake yi ya daina aiki. Tana gwada saurare da magana da karatu da rubutu. Wasu jami'o'in Birtaniya suna karɓar kiredit na Ingilishi a WAEC a madadinta, saboda haka a bincika kafin a kashe kuɗi. Inda ɗalibanmu suka fi rauni shi ne saurare da magana, dalili kuwa a fili yake: an koya musu Ingilishi a allo, ba a kunne ba.

6.0 Bayanin Kai da Wasiƙar Shaida

Kusan kowace jami'a tana neman ɗalibi ya yi rubutu game da kansa. A tsarin UCAS bai wuce harafi 4,000 ba, kuma daga masu shiga a 2026 an raba shi zuwa tambayoyi uku: me ya sa kake son kwas ɗin, yaya karatunka ya shirya ka, me kuma ka yi a wajen makaranta da zai taimaka. A Common App kuwa kalma 650 ce iyaka.

Wannan rubutu yana cin karo da tarbiyyarmu. An rene mu a kan kunya da kawaici, an kuma ce mana yabon kai jahilci. Yaron da aka hana ya kalli idon babba yana magana, yau an ce ya cika shafi da labarin kansa. Abin da yakan biyo baya ɗayan biyu ne. Ko dai ya noƙe ya rubuta abin da ba shi da gishiri, ko kuma ya kwafo na wani daga intanet, ko ya sa manhaja ta rubuta masa, cike da manyan kalmomin da bai taɓa furtawa ba. Na biyun ya fi haɗari, domin masu karantawa sun ga irinsa dubbai, kuma akwai na'urorin gano kwafe.

Aikin malami shi ne ya fahimtar da ɗalibi cewa ba yabo ake nema ba, hujja ake nema. Da ya ce shi mai ƙwazo ne, gara ya faɗi abin da ya aikata. Yaron da ya tashi a gonar rake a ƙasar Maƙarfi, ya ga yadda ake matse shi ana dafa mazarƙwaila, ya lura da yawan itacen da ake ƙonawa, har ya fara tunanin yadda za a rage asarar zafi a murhun, yana da abin faɗa wa sashen injiniyanci wanda ɗan birni ba shi da shi. Yarinyar da take koya wa ƙannenta da 'ya'yan maƙwabta karatu da yamma, ta gano cewa sun fi saurin ganewa idan ta fara da Hausa, ta riga ta taɓo wata babbar muhawara a fannin ilmi ba tare da ta sani ba. Ɗalibanmu sukan ɓoye irin waɗannan abubuwa don suna ganin ƙauyanci ne. A ra'ayina su ne jarinsu mafi tsada. Dabara mai amfani ita ce a sa ɗalibi ya fara ba da labarin da baki da Hausa, malami yana yi masa tambayoyi, sannan ya rubuta da Ingilishinsa na kansa. Malami ya gyara nahawu, amma kada ya rubuta masa.

Wasiƙar shaida kuwa ita ce ijazar wannan zamani, kuma kacokan aikin malami ce. Abin da aka saba gani a makarantunmu shi ne layi uku: wane ɗalibinmu ne, yana da ɗa'a, a taimaka masa. Irin wannan wasiƙa ba ta cutarwa a fili, amma ba ta ƙara komai, kuma a wurin takara rashin ƙari ragi ne. Wasiƙa mai amfani tana faɗin tsawon lokacin da malami ya san ɗalibin da darasin da ya koya masa, da matsayinsa a cikin 'yan ajinsu, da wani abu takamaimai da ya taɓa yi. Tana kuma bayyana halin da makarantar take ciki. Idan ɗalibai tamanin ne a aji, ko babu ɗakin gwaje-gwaje, ko an yi zango biyu babu malamin lissafi, a faɗa, domin kiredit ɗin da aka samu a irin wannan hali ya fi nauyi, kuma mai karantawa ba zai sani ba sai an gaya masa. A yau yawanci jami'a takan aiko wa malami saƙon imel ne ya ɗora wasiƙar da kansa. Malamin da ba ya duba imel ɗinsa yana iya kashe wa ɗalibinsa gurbi bai sani ba. Kada kuma a yi ƙarya. Shaidar zur haramun ce, kuma idan aka gano ta, duk wanda ya fito daga makarantar nan gaba zai ɗanɗana kuɗarta.

7.0 Kuɗi da Biza

Samun gurbi daban, samun abin biya daban. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki darajar naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Iyalai da yawa da suka yi lissafi a kan tsohon farashi sun kasa kammala biya, har aka dakatar da wasu ɗalibai a Ingila a 2024. Ɗalibin Amurka yana iya ɗaukar bashin karatu na gwamnatinsa ya biya wasu jami'o'in waje da shi. Namu asusun bashin, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, na makarantun gwamnati ne na cikin gida. Don haka kafin uba ya sayar da gona ko shanu, wajibi ne a yi masa lissafin shekarun karatun gaba ɗaya, da masauki da abinci da inshorar lafiya da kuɗin jirgi, ba kuɗin zangon farko kaɗai ba.

Hanyoyin tallafi na gida sun ragu. Asusun TETFund, wanda ya daɗe yana tura malaman jami'o'i da kwalejoji, ya dakatar da tura sababbi waje daga Janairun 2025, kuma a shekarar ce Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar da dakatar da shirin musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari. Jihohi sukan yi nasu jefi-jefi, kamar yadda Kano ta yi a 2012 da 2023, kuma Jihar Kaduna tana da hukumar tallafin karatu da ya kamata a riƙa bibiyar sanarwarta. Daga waje akwai Chevening ta Birtaniya, wadda take neman shekara biyu ta aiki da alkawarin dawowa gida, da tallafin ƙungiyar Kwamanwel, da DAAD ta Jamus, da na gwamnatocin Turkiyya da Saudiyya. Ga masu nazarin Hausa musamman, shirin Fulbright ya shafe shekaru yana ɗaukar matasan malamai su koyar da Hausa na shekara guda a jami'o'in Amurka. Ƙa'ida guda ta haɗa waɗannan duka: ba a sayen fom ɗinsu a hannun dillali. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo sikolashif, a guje shi.

Bayan gurbi sai biza. Jami'ar Birtaniya tana ba da lambar tabbaci mai suna CAS, ta Amurka kuma takardar I-20, da su ake neman biza. Birtaniya tana bukatar gwajin tarin fuka da shaidar cewa kuɗin sun kwana ashirin da takwas a asusu ba tare da sun ragu ba, kuma daga Janairun 2024 ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyali. Amurka ta taƙaita wa'adin bizar 'yan Nijeriya a Yulin 2025, sannan a Disambar shekarar ta sanya ƙasar cikin jerin waɗanda ta taƙaita wa bizar karatu. Waɗannan dokoki suna sauyawa da sauri, saboda haka a nemi matsayin da ake ciki daga ofishin jakadancin ƙasar kafin a biya ko sisi.

8.0 Wace Jami'a, Kuma Wace Takarda Za a Dawo da Ita?

Ba duk abin da ake kira jami'a a waje ne jami'a ba. A Disambar 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya wallafa yadda ya sami takardar digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Binin da Togo, abin da ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Tambayoyi biyu ne za su kare ɗalibi: shin hukumar ilmi ta ƙasar da jami'ar take ta amince da ita, kuma shin Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a Abuja za ta karɓi takardarta? Sai kuma zaman lafiyar ƙasar. Yaƙin Yukiren a Fabrairun 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun katse karatun dubban 'yan Nijeriya, da yawa daga cikin na Sudan 'yan Arewa ne, wasunsu kuma sun baro takardunsu a can. Tun daga ranar farko ya kamata ɗalibi ya ajiye hoton kowace takarda da sakamakon kowane zango a imel ɗinsa, ya kuma bar kwafi a gida.

Wanda ya dawo da digiri zai kai shi Ma'aikatar Ilmi a tantance kafin ya shiga bautar ƙasa. Likita zai zauna jarrabawar Hukumar Likitoci ta Nijeriya kafin a ba shi lasisi, lauya zai bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, malami kuma zai yi rajista da hukumar TRCN. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi za a sake jera takardunsa a kan tebur, daga ta firamare har zuwa ta jami'ar wajen, a duba ko sunan da ranar haihuwar sun dace da juna.